Dalilin da Ya Sa Zalɓe Yake Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

Dalilin da ya sa zalɓe yake tsayuwa a bakin ruwa da ƙafa ɗaya, ba ƙaya ya taka ba, kuma ba iyayi ba ne. Jira yake yi. Kai Tanimu, ai kai ne ka ce ka ga wani Ba'indiye da sassafe a filin ƙwallo ya ɗage ƙafa ya haɗa tafin hannu, har kana tambaya ko lafiyarsa. Lafiyarsa lau. Yoga yake yi, kuma shi da zalɓe malaminsu ɗaya. Ku matso ku ji.

A can da, babu tsuntsun da ya kai zalɓe rawar kai. In ya shiga kogi neman kifi, sai facal-facal, ya ruga nan, ya ruga can, ya dama ruwan kaf. Kifi kuwa ba wawa ba ne, tun daga nesa yake jin tafiyarsa ya nutse. Kullum zalɓe ya koma gida baki wayam, 'ya'yansa suka rame har wuyansu ya fi na ubansu tsawo.

Rannan matarsa ta gaji. Ta ce, "Maigida, haƙuri ma yana da iyaka. In yau ka dawo haka, zan kwashi yaran nan mu koma tafkin iyayena."

Hankalin zalɓe ya tashi ƙwarai, don yana son iyalinsa.

To, a bakin wannan kogi, can ƙasar Hindu, akwai wani tsoho mai suna Somadas. Shi damuwarsa zuciyarsa ce, ba ta zama wuri ɗaya, sai tsalle-tsalle kamar biri a gonar gyaɗa. Ya tafi gindin bishiya ya zauna don ta natsu. Ya yi ta zama, zuciya ba ta natsu ba, sai baya ya ƙage, gwiwa ta riƙe. Yana cikin nishi ya ga kyanwa ta tashi daga barci ta gantsare ta yi miƙa. Ya kwaikwaye ta, baya ya ce ƙas. Ya ga kare ya miƙe ƙafafun gaba, ya ga gamsheƙa ta ɗaga kai, duk ya kwaikwaya. Sai ya lura, in yana jan numfashi a hankali tare da miƙar, zuciyar nan mai tsalle sai ta kwanta. Ya sa wa abin suna yoga, wato haɗawa da yarensu, kamar yadda ake haɗa shanun noma biyu da karkiya su ja garma ɗaya. Jiki sa ɗaya, zuciya sa ɗaya, numfashi ne karkiyar.

Yana cikin haka, ga zalɓe a guje yana bin karfasa, ya watsa masa ruwa a fuska.

Tsoho ya share gemu ya ce, "Kai kuwa wa ya biyo ka?"

"Yunwa, Baba," in ji zalɓe. Ya kwashe labarin gidansa ya faɗa masa, har da hawaye.

Tsoho ya ce, "Zan koya maka abin da zai fisshe ka, amma da sharaɗi. Abin da na sa ka, ba za ka bari ba sai na sallame ka."

"Na yarda!"

"Ɗage ƙafa ɗaya."

Zalɓe ya zaro ido. "Baba, da biyun ma ban kama komai ba, ina ga ɗaya?"

"Biyun ne suke gudu da kai. In ɗaya ce, dole hankalinka ya tsaya a kanta, in ba haka ba ka sha ƙasa."

Zalɓe ya ɗage ƙafa, sai ga shi tsundum cikin ruwa. Ya tashi ya sake, ya kife cikin taɓo. Kwaɗi suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Tsoho ya ce, "Rabu da su. Ja numfashi a hankali, sake shi a hankali, ka kafa ido wuri ɗaya." Zalɓe ya ja, ya saki, ya ja, ya saki. Can sai rawar jiki ta daina, ya tsaya cak.

Ana nan sai ga wata mata daga ƙauye tana haki. Ta ce mijinta maginin tukwane ne, ya sunkuya ɗaukar tulu, bayansa ya ƙi miƙewa. Tsoho ya ɗauki sandarsa, ya waiwayo ya ce wa zalɓe, "Kada ka sauke sai na dawo."

Ya je ya miƙar da magini. Kafin ya fito, masaƙi yana jiransa da ciwon wuya. Bayan masaƙi ga wata mai yawan fushi, bayan ta ga mutanen ƙauyen gaba sun aiko. Haka ya yi ta tafiya gari gari yana koyar da mutane, har abin ya ƙetare teku. Tsufa kuwa ya sa tsohon ya manta da zalɓe sarai.

Shi kuwa bawan Allah yana nan tsaye. Ruwa ya kwanta ya yi garau. Kifaye suka fito, suka ɗauka kara ne aka kafa, har tarwaɗa tana goga jiki a ƙafarsa. Zalɓe ya saki numfashi, ya kai baki caraf! Ya jefa ta tudu. Wata ta zo, caraf! Ko taki ɗaya bai yi ba.

Da la'asar ga matarsa da yara a baya, ta zo sallama za ta tafi. Ta ga kifi tuli a kan yashi. Yara suka faɗa masa da ci, ita kuwa farin ciki ya cika ta.

Sai ta ce, "Maigida, sauke ƙafar mu je gida mana."

Ya ce, "Baba bai dawo ba."

Ta dubi kifi, ta dubi miji. Ta ce, "Gaskiyarka. Alkawari kaya ne. Yi ta tsayuwarka."

Shi ya sa har yau zalɓe yake tsaye da ƙafa ɗaya, in ta gaji ya sauya da ɗayar a ɓoye. In mutum ya doso bakin ruwa, za ku ga ya miƙa wuya yana leƙe ko tsohon ne. Da ya ga ba shi ba ne, sai ya tashi ya koma gaba, ya sake ɗage ƙafarsa. Kai kuma Tanimu, sauke taka haka nan, kafin ka faɗa mini cikin tukunyar miya.