Dakta Sa-Ni-Gaba

An yi wani mutum, malamin jami'a, fanninsa tattalin arziki. Ba jahili ba ne. Ya yi karatu a nesa, ya dawo da digirin dakta. A shekarunsa na farko da ƙafarsa yake shiga kasuwa, ya tsaya gaban masu shaguna yana tambaya yana rubutawa. Bincikensa a kan albashi ne da ɗaukar ma'aikata.

Sai aka ba shi ofis mai kujera mai juyawa da na'urar sanyaya ɗaki. Daga nan ƙafa ta yi nauyi.

Ga wanda bai san aikin jami'a ba: malami ba ya hawa matsayi don yawan koyarwa. Da binciken da ya buga a mujallu ake auna shi. Mutumin nan yana son kujerar farfesa, amma ba ya son rana ta taɓa shi. Sai ya kafa wa ɗalibansa masu neman manyan digiri doka: duk wanda ya rubuta bincike, sunan Malam ne a gaba, na ɗalibi a baya. Wanda ya yi gardama, aikinsa ya zauna a ƙarƙashin tebur har ya yi ƙura. Ɗalibai suka laƙaba masa Sa-Ni-Gaba. A gabansa kuwa sai "Ranka ya daɗe."

Da farko yana karanta abin da yake sa wa suna. Daga baya shafin farko kawai yake dubawa, ya ga ko an rubuta sunansa daidai.

Matarsa ta taɓa ce masa, "Baban yara, kai da ban taɓa ganinka zaune da biro ba, yaushe kake rubuta duk waɗannan?"

Ya ce, "Ke dai ki ɗinka sabbin kaya, kin kusa zama matar farfesa."

Ya 'yan uwa, wanda matarsa ta lura da shi, yana zaton duniya ba za ta lura ba?

Wata shekara aka ƙara albashi mafi ƙaranci. Wata ɗalibarsa ta bi teloli da kafintoci da gidajen burodi, ta rubuta cewa sun rage ma'aikata. Ya sa sunansa, aka buga. Bayan ta gama, wani ɗalibin ya bi irin waɗannan shaguna a garin, ya rubuta cewa ba a sallami kowa ba. Ya sa sunansa, aka buga a wata mujallar. Masana sukan saɓa wa juna, mutum ma yakan sauya ra'ayi, amma sai ya faɗi dalili. Binciken na biyu bai ko ambaci na farkon ba, domin wanda ya kamata ya haɗa su bai karanta ko ɗaya ba.

Lokacin neman farfesa ya zo. Al'ada ce a aika ayyukan mai nema ga wani masani na wata jami'a ya duba. Nasa suka faɗa hannun wani tsoho mai karanta komai, har ƙananan bayanan ƙasan shafi. Ya gano saɓanin, ya rubuto wa jami'ar.

Kwamitin ƙarin girma ya kira shi. Ya shiga da sabuwar riga, yana zaton murna za a taya shi.

Shugabar kwamitin ta ce, "Dakta, ma'aikatan nan, an sallame su ko ba a sallame su ba?"

Ya ce, "Waɗanne ma'aikata?"

Ta ajiye mujallun biyu a gabansa. Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Gumi ya keto masa duk da sanyin ɗakin.

Ya ce, "Ai kin san fanninmu, abin ya danganta."

"Ya danganta da me?"

In ya ce duka nasa ne, ya yi ƙarya a ɗaya. Sai ya zaɓi ƙofar da yake gani ta fi faɗi.

"Yaran nan ne suka rubuta. Wallahi ni ban ma karanta ba."

Magatakarda ya rubuta. Shugabar ta cire tabarau ta ce, "Dakta, ka ji abin da ka faɗa kuwa?"

Aka kira ɗalibai, na da da na yanzu. Waɗanda suka yi shekaru suna haɗiye magana suka amayar da ita. Mujallu suka janye ayyukan da ke ɗauke da sunansa, har da na ƙuruciyarsa da ya yi da guminsa, don ba wanda zai iya rantsewa a kansu. Ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa abin nunawa wajen neman aiki. Jami'a ta sallame shi, ta karɓe gidanta da yake zaune a ciki. Ya kwashe iyali ya koma wajen ƙaninsa, ɗaki biyu a bayan gida.

Ya 'yan uwa, ba wanda ya yi masa makirci. Bakinsa ne ya ba da shaida a kansa. Sa suna a kan aiki shaida ce: kana cewa na gani, na sani, na tsaya a kai. Shi ya ci gumin na ƙasa da shi, ya kuma yi shaidar abin da bai gani ba. Kuma kada mu ce wannan na 'yan jami'a ne. Mu nawa ne muke karɓar yabo a kan aikin da wani ya yi, muna gyaɗa kai? A nan kwamiti ne ya tambaya. A can lahira ba za ka ce yara ne suka rubuta ba.

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin na ƙasa da mu, ya tsare sunayenmu daga hawa kan abin da ba namu ba. Amin.