Dalilin da Ya Sa Zaren Tsamiya Ba Ya Shan Baba

Dalilin da ya sa zaren tsamiya yake fitowa daga tukunyar rini da launinsa na ƙasa-ƙasa, kamar bai taɓa ganin baba ba, wata tsohuwa ce da gajiya ta ci ƙarfinta. Ku matso ku ji. Mai gyangyaɗi ya yi abinsa, ni ma ƙarfin hali nake yi.

A da can babu zaren da ya kai na tsamiya shan rini. Tsomawa ɗaya, sai ya fito shuɗi har yana ɗaukar ido. Shi kuwa ba auduga ba ne, alharini ne da wata tsutsa take saƙa wa 'ya'yanta gida da shi a jikin bishiyar tsamiya.

To, akwai wata tsohuwa, Tasalla, mai rini a tsakar gidanta. Abawa, ulu, zane, duk abin da aka kawo mata tsomawa take yi. Ruwan toka ya cinye mata fatar hannu, sunkuyo ya lanƙwasa mata baya. Tun tana da ƙuruciya suka yi alkawari da Uwar Tsutsa, wadda ta ce mata, "Tasalla, gidan naki ne, amma sai 'ya'yana sun yi fiffike sun tashi." Shekara da shekaru Tasalla ba ta saɓa ba.

Mijinta Malam Barmo maɗinkin manyan riguna ne, sai dai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya yanka wata farar riga ya ce, "Tasalla, wannan ce ta ƙarshe. Ki rina mini tsamiya ta yi duhu sosai, don in riƙa ganin zaren a kan farin. Ina so in gama kafin idon ya tafi."

Ta daka ganyen baba, ta tace toka, ta haɗa tukunya, ta yi ta juyawa har kafaɗunta suka ƙage. Shi baba kuwa yana da hali: idan ya nuna, kumfa ta taso a kansa, ba ya jiran kowa, in an bar shi mutuwa yake yi. A wannan shekarar baba ya nuna, amma 'ya'yan tsutsa ba su tashi ba.

Tasalla ta ja ƙafa ta je gindin tsamiya. "Baiwar Allah, yaushe za su fita?"

"Iya, ki ƙara haƙuri. Fiffikensu bai yi ƙwari ba."

"Haƙurin ne ya ƙare. Baba ya nuna, idon Malam yana tafiya, ni kuma wallahi ba ni da ƙarfin haɗa wata tukunyar."

Ba muguwa ba ce, kada ku zage ta. Gajiya ce kawai, irin wadda take shiga har cikin ƙashi. Ta miƙa hannu ta ɓamɓare gidan, ta kai shi gida, ta jefa a tafasasshen ruwan toka yadda ake yi don zaren ya saki, da 'ya'yan a ciki.

Uwar Tsutsa ta biyo ta, ta tsaya a bakin murhu. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Iya, kin dafa su da ransu. Gidan nan ya sha abin da zai sha. Ba zai ƙara shan komai daga hannun mutum ba."

Tasalla ta kawar da kai. Ta shanya, ta kaɗa zare, ta tsoma a baba. Ta ɗaga, rinin ya zurare kamar ruwa a bayan agwagwa. Ta sake tsomawa, ta matse, ta sake. Hannayenta suka yi baƙi ƙirin har gwiwa, zare yana nan yadda yake. Ta yi ta yi har tukunyar ta mutu.

Malam Barmo ya ɗora zaren a kan farar rigar, ya kai shi dab da ido, ya ce, "Ina yake? Ban ga komai ba."

Ta zauna a ƙasa. Sannan ta ce, "Kawo rigar, Malam. Tun da zaren ya ƙi, ita zan rina."

Sauri ya haifi nawa. Tukunyar da ta guje wa, ita ta koma haɗawa: daka, tata, juyi, da jiran da ya fi na farko tsawo. Jiƙaƙƙiyar riga kuwa nauyi gare ta, da ƙyar take ɗaga ta. Da ta bushe ta yi duhu, Malam ya ga hasken zaren a kanta, ya kama allura yana murna. Amma kwanakin da aka ɓata sun riga sun tafi. Yana tsakiyar aikin aljihu idon ya rufe.

Ya shafa ɗinkin da yatsa ya ce, "Tasalla, ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Malam."

"Saura da yawa?"

Ta dubi rabin da babu komai a kai, hawaye ya zubo mata, ta ce, "Kaɗan ne."

Shi ya sa har yau, idan mai rini ta tsoma zaren tsamiya, hannunta ne yake yin baƙi, ta gaji ta haƙura, a ɗinka shi da launin da Allah ya ba shi.