Jan Zare a Kunnen Buhu

Akwai wani maɗinkin buhu da kowa ke kira Basilla, saboda babbar allurar nan tasa ba ta rabuwa da shi. In yana cin abinci tana soke a hularsa, in yana surutu da ita yake nuna mutum. Surutun kuwa ba ya ƙarewa. A fagen cika baki, ni kaina da kuka sani a shafin nan sai dai in sara masa.

"Ni fa in na ɗinke buhu," yakan ce, "ko ɓera sai ya yi sallama kafin ya shiga."

Kuma gaskiya ya iya, don gadon gida ne. Marigayi mahaifinsa ne ya koya masa wani ƙulli da ake yi a kunnen buhu: a zagaya sau biyu, a soko ta ƙasa, a bar jela tsawon ɗan yatsa. Duk garin babu mai yin irinsa.

A shekarar da abinci ya yi tsadar da magidanta suka koma sulalewa daga gida kafin yara su farka, gwamnati ta fito da shirin sayar wa talakawa masara da rahusa. Aka bi unguwa-unguwa aka rubuta sunaye, aka ba kowane gida kati. Manyan motoci suka sauke masara a babban sito, inda za a juye ta cikin ƙananan buhuna, kowane gida buhu ɗaya a wata. Aka ɗauki Basilla aikin ɗinki.

Siton dogon gini ne mai rufin kwano, da sikeli a bakin ƙofa da katakai da ake jera kaya a kai. A kusurwar baya kwanon yana yoyo. An daɗe da ba Mai Sito, wato ma'aikacin da ke kula da wurin, umarnin gyarawa, shi kuma ya sa hannu a takarda cewa ya gyara.

Sai aka kwana uku ana ruwa.

Da suka buɗe buhunan kusurwar, masarar ta dunƙule, ta yi kore-kore da baƙi-baƙi, tana warin ɗakin da aka shekara ba a buɗe ba. Mai Sito ya toshe hanci da gefen rigarsa, ya ja Basilla gefe.

"In na kai rahoto, kujerata ta tafi, aikinka ma ya bi ta. Mu shanya ta a bayan gini mu gauraya da mai kyau. Yunwa ba ta da hanci."

Basilla ya sosa ƙeya. Abu ɗaya ne kawai ya dame shi.

"Ranka ya daɗe, to namu fa? Mahaifiyata tana da kati. Kai ma na ga sunan surukarka."

"To me kake gani?"

Basilla ya yi murmushi, ya zaro ƙunshin jan zare daga aljihu. "Mai tsabta in ɗinke da ja, gauraye in ɗinke da fari. Namu su san abin da za su ɗauka. Wannan kan nawa ba don ɗaukar hula kawai aka yi shi ba."

Mai Sito ya yi dariya har da dukan kafaɗarsa. Ranar Basilla ya koma gida yana tafiya kamar wanda ya ƙirƙiro jirgin sama.

Ranar rabo layi ya miƙe tun daga bakin sito har ya sha kwana. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, kowa riƙe da kati kamar ransa ne a ciki. A dangwala yatsa a tawada, a biya ɗan abin da aka yanke, a ɗauki buhu. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu tana sa wa ma'aikata albarka, Basilla ya amsa da amin mai ƙarfi.

Da aka zo kan Inna, mahaifiyarsa, da kansa ya ɗauko mai jan zare ya ɗora a baro. A baron nan kuma aka ɗora buhun maƙwabciyarta Mai Wankau, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Gidan haya ɗaya suke, ƙofa na kallon ƙofa.

Washegari da yamma Basilla ya biya gaida Inna kamar kullum. Ya tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta shimfiɗa zare biyu a cinyarta, ja da fari, kowanne da ƙullinsa a jiki. Maimakon amsa gaisuwa, sai ta ɗaga jan zaren.

"Wannan ƙullin na wa ne?"

"Nawa ne, Inna."

"Wannan fa?"

"Shi ma. Ai zare ne ya ƙare mini, sai na canza."

"Shekara talatin ina murza wa ubanka zare," ta ce. "Zare yana ƙarewa. Amma ban taɓa ganin ya ƙare daidai kan buhun uwar maɗinki ba."

Ta tura masa kwano da ƙafa. Masarar Mai Wankau ce a ciki. Tun kafin ya sunkuya warin ya iske shi.

"Gida nawa ka ɗinka wa fari?"

Basilla ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Da yawa."

"Na ba ta jan, na karɓi nata. Gobe ka je wajen masu shirin nan ka faɗa musu abin da ke cikin buhunan."

"Haba Inna! Korata za a yi, ƙila har da kulle. Jikokinki su ci me?"

"Bakina ba zai kai ƙarar ɗana ba, ƙafarka ce za ta kai ka. Amma ka ji da kyau. Abin da ka ɗinka wa 'ya'yan mutane shi zan ci, kuma ba zan sa komai naka a bakina ba sai ranar da ka je."

Basilla ya ɗauka rigimar tsufa ce, kwana biyu za ta huce. Da safe ya kawo shinkafa, ta sa aka mayar masa har gida. Ya turo matarsa da kwanon girki, Inna ta karɓe ta da fara'a, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗora mata kwanon a kai ko murfi ba ta ɗaga ba.

Sai ya koma wa wayonsa. Ya sayi masara mai kyau a kasuwa, ya ɗinke da farin zare, ya faki idonta ta shiga wanka ya musanya buhun. Inna ta fito, ta cusa hannu, ta shinshina.

"Ni za ka yi wa wannan? Na san wayonka tun kana ɓoye ƙashi a ƙarƙashin tabarma. Dawo mini da nawa."

Ta rarraba mai kyan ga gidajen layin, ta ci gaba da cin nata. Tana tsincewa, tana wankewa, tana shanyawa, kamar yadda kowa ke yi. Ta bi ƙofa-ƙofa tana ce wa mutane masarar nan ba ta da lafiya. Suka ce, "Mun sani, Inna. To mu ci me?"

Mai Wankau ta durƙusa mata har ƙasa. "Don Allah Inna ki zo mu raba jan nan. Ni ba na iya haɗiya in na tuna."

"Ki haɗiya, 'yata. Naki huɗu ne, ni kuwa na ci rabona na duniya."

Mako na biyu Basilla ya sami Mai Sito a ofis, ya faɗa masa halin da ake ciki. Mai Sito ya miƙe ƙafa a kan tebur.

"Tsohuwa ce, saya mata lemo ka lallashe ta. In kuma tonawa kake so ka yi, bismillah. Zaren wa ne? Ƙullin wa ne? Ni ko buhu ɗaya babu hannuna a kai."

Nan Basilla ya gane. Ƙullin da yake taƙama babu mai irinsa a gari, ashe sa hannu ya yi a kan kowane buhu. Ya fito ya zauna kan katako, ya ce wa kansa bari a ga ƙarshen wata, ƙila sabon kaya ya zo maganar ta mutu.

A mako na uku Mai Wankau ta zo sito a guje, mayafinta a hannu. Inna tana ta amai tun safe, idanunta sun yi rawaya, cikinta ya kumbura.

A asibiti babu gado. An shimfiɗa mutane a baranda, jere kamar buhunan sito, yawancinsu yara da tsofaffi, duka da idanu iri ɗaya. Likita ya duba Inna ya girgiza kai.

"Duk abu ɗaya ne ke kawo su. Hatsi in ya yi irin wannan ruɓar, gubarsa hanta take ci. Wanki ba ya fitar da ita, wuta ba ta kashe ta. Da mun san inda take fitowa da mun tare."

Basilla ya kawar da kai, ya matsa can ƙarshen barandar.

Yana tsaye a barandar sai wata mata ta fito daga ɗakin yara. Ba ta kuka, ba ta kallon kowa. Zanin goyonta yana ɗaure a ƙugu, bayanta babu kowa. Ta zuba kayan jinya a cikin wani ƙaramin buhu: kofi, cokali, da takalmin roba ɗan mitsitsi. A kunnen buhun farin zare yana lilo, zagaye biyu, da jela tsawon ɗan yatsa.

Bai san lokacin da ya fita daga asibitin ba. Da ƙafa ya tafi har ofishin masu kula da shirin, ya wuce mai gadi, ya ajiye zare biyu a kan teburin shugabar ofishin. Ya faɗi komai, tun daga yoyon kwano har dariyar da suka yi. Bai rage nasa ba.

Kafin la'asar mota mai lasifika tana zagaya unguwanni: duk mai buhun farin zare ya daina ci, ya dawo da shi a canza masa. Alamar da ya yi don ya tsirar da nasa, ita ce ta nuna wa hukuma gidajen da za ta bi. Aka kama Mai Sito yana haɗa jaka. Shi ma Basilla aka tsare shi, sai bayan kwana biyu aka bar shi ya je ya ga mahaifiyarsa, da ɗan sanda a bayansa.

Inna ta rame har ta zama kamar yarinya a kan gadon. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Ka je?"

"Na je, Inna."

"Kai ka kai kanka, ko kai ka aka yi?"

"Da ƙafata na je."

Ta ɗan gyaɗa kai. Matarsa ta miƙo masa kwanon kunu, ya ɗebo cokali guda. Inna ta buɗe baki ta karɓa, amma ya ƙi wucewa. Sai ya ɗiga mata ruwa, ta haɗiye kurɓi ɗaya.

"Ka makara," ta ce a hankali. "Amma ka je. Allah ya yafe mana."

Da hantsi washegari ta cika.

Basilla ya yi zamansa na gidan yari ya fito. Yanzu yana bakin kasuwar hatsi a kan ɗan benci, yana ɗinke wa mutane buhu. In aka yaba ɗinkinsa ba ya ɗagowa. Rannan Mai Wankau ta zo wucewa da yaranta, ta tsaya a gabansa, ta zaro wani buhu wankakke a ninke ta ajiye masa a cinya. Jan zaren yana ɗaure a kunnensa, Inna ce ta mayar da shi da hannunta.

"Ta ce in ya ƙare in kawo maka," in ji Mai Wankau. "Ga su nan su huɗu, duka da ransu. Buhun uwarka suka ci."

Basilla ya dubi yaran, ya dubi buhun. Ya shafa ƙullin da yatsa.

Darasi: Duk wanda aka damƙa wa abincin talakawa, ya sani ba buhu aka ba shi ba, rayuka ne. In ka ware mai kyau don naka ka tura wa na wasu guba, ba ka san ƙofar da za ta biyo ta shigo gidanka ba. Kuma gaskiyar da za ka faɗa yau kada ka kai ta ƙarshen wata, don jinkirinka wani ne ke biyansa da ransa. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana riƙe da sito, sikeli ko jerin sunaye, ko da kawunku ne. Musamman ma in kawunku ne.