Ledar da Ba a Ɓare Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai haɗa kwamfutocin wasa, irin waɗanda matasa ke gasa da su. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba, kuma ba zan rage masa komai ba don ya faɗi. Mutane sun sa masa suna Mai Sanyi.

Ga dalilin sunan. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, shi ne ƙwaƙwalwarta. Idan wasa ya yi nauyi sai ya ɗauki zafi kamar dutsen guga. Don haka ake shafa masa wani mai, a ɗora masa ƙarfen sanyaya, a kafa fankoki. Wannan bawan Allah, da kunne kawai yake gane fankar da ta gaji. Idan ya jera wayoyi sai ka ce kitso. Man nan kuwa ɗigo ɗaya yake sawa, bai fi ƙwayar wake ba, ya zauna daram. Wallahi kallon aikinsa ma daɗi ne.

Sai yabo ya yi yawa. Ya fara cewa duk akwatin kwamfutar da ya rufe, ba mai sake buɗe shi.

Yana da ƙanwa, gwanar wasa ce ta gaske. Shekara biyu tana fafutuka har ta kai zagayen ƙarshe na wata babbar gasa, inda kowa ke zuwa da kwamfutarsa. Yayan nata ya haɗa mata sabuwa fil da hannunsa.

Da safiyar gasar ta rungumo ta zuwa shago. Ta tarar da shagon cike da masu kallon aiki. Ta ce, "Yaya, zafin nan yana kai digiri casa'in da biyar, kuma da ya kai sai ta riƙa jan ƙafa. Ko za ka ɗan buɗe mu gani?"

Nan take wani abu ya faɗo masa a rai. Sabon ƙarfen sanyaya da 'yar leda yake zuwa a manne a gindinsa, sai an ɓare ta kafin a ɗora, in ba haka ba zafi ba ya samun hanyar fita. Ya laluba ransa kaf, bai tuna ya ɓare ta ba.

Noti huɗu ne fa zai kwance, jama'a. Aikin minti goma. Amma ya dubi idanun da suka zuba masa, ya ji ba zai iya ba. Ya yi dariya ya ce, "Ke da wasa kawai kika iya, yau ke za ki koya min sanyi?"

To ku ji abin da ya fi burge ni a na'urar nan. An yi ta ne da kunya. Idan zafi ya yi mata yawa sai ta rage gudu da kanta, idan ya wuce kima ta kashe kanta don kar ta ƙone. Mu nawa ne a nan muke da wannan hankalin?

Shi ne mutumin nan ya shiga saitinta, ya kashe wannan kariyar. Ya ce, "Tafi, na gyara." Ta ce, "Allah ya bar min kai, Yaya."

Da la'asar, zaure ya cika, ita ke kan gaba, saura kaɗan ta gama da abokin karawarta. Sai allo ya yi baƙi. Sai ƙauri ya tashi. Masu kula da gasar suka kwance akwatin a gaban kowa, suka ɗaga ƙarfen sanyaya. Ga leda nan ta narke ta yamutse, har da ragowar jan rubutun da ke cewa a cire kafin amfani.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya za a yi a wuce. Wane gwani ne bai taɓa mantuwa ba? Amma ƙanwar ta juyo wurin yayanta da ya zo kallo, tana hawaye ta ce, "Yaya, da safe da ka ce ka gyara, me ka taɓa?" Duk mai sana'ar da ke wurin ya gane amsar.

Kafin wata ya zagayo, shagon ya zama kufai. Wa zai kai kayansa wurin mutumin da ke toshe bakin gargaɗi? Hannunsa na nan yadda yake, gwanintarsa ba ta ragu ba, amma ba mai miƙa masa ko fanka. Ƙanwarsa tana gaishe shi, sai dai ba ta ƙara cewa "duba min" ba. Wannan ya fi cin ransa.

Ya 'yan uwa, ba leda ce ta kayar da shi ba, girman kai ne. Kowannenmu Allah ya sa masa abin da ke ƙara a ƙirji idan ya kauce, ya kuma ba shi na kusa masu cewa "ko za ka duba?" Idan ka ji wannan ƙarar, ɗauko sukundireba ka buɗe, ko gaban waye.

Allah ya kiyaye mu da jin kunyar gyara, ya bar mana masu gaya mana gaskiya. Amin.