Mutumin da Ya Cika Tanki Kamar Mudu

Akwai wani mutum mai awon hatsi wanda ya bar kasuwar dawa ya koma sayar da fetur. Ya sa aka girke masa tanki a bayan gidansa, ba nisa da madafa. Mai waldar da ya haɗa tankin ya ja jan layi taƙi ɗaya ƙasa da bakinsa, ya kuma ɗaura ƙararrawa mai kaɗawa idan mai ya kai layin. Ya ce masa, "Maigida, wurin nan da na bari a sama ba naka ba ne, na rana ne. Fetur kumbura yake yi in ya ji zafi."

Mutumin kuwa tun tasowarsa bai san mudu ya cika ba sai ya yi tsororo. A ganinsa, mazubi da sauran wuri a ciki awon mugunta ne.

Wata safiya, gari da sanyi, mota ta kawo mai. Da ƙararrawa ta kaɗa, direban ya kai hannu zai rufe famfo. Sai mutumin ya cusa tsumma cikin ƙararrawar, ya ce, "Haba direba, ba gyara?"

Direban ya ce, "Maigida, wannan fa ba dawa ba ce." Amma mutumin ya matsa masa har tanki ya cika maƙil, ya rufe murfin yana murna.

Da rana ta take, man ya kumbura, ya tsiyayo ta murfi, ya bi gangare zuwa murhun da matarsa ke girki. Shi da iyalinsa suka fita da rai da tufafin jikinsu. Gidan kuwa ya zama toka.

Ma'anar wannan misali ita ce: tankin rayuwar mutum ce. Layin shi ne iyakar da Ubangiji ya sa wa nema da ci da aiki, domin ya fi mu sanin zafin da ke zuwa. Ƙararrawar kuwa lamiri ne, wanda Ruhu Mai Tsarki ke kaɗawa ya ce, "Ya isa haka." Waɗansunmu sun cika kwanakinsu har ba wurin addu'a, ba wurin hutu, ba wurin sauraron 'ya'yansu, suna cewa ai ba abin da ya faru. Shi ma mutumin nan, lokacin da ya cusa tsumma ko ɗigo bai zuba ba. Rana ce ba ta riga ta yi zafi ba.