Abin da Ya Hana Kura Ajiyar Nama

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu sha labari.

Kura ta nutsar da cinyar raƙumi cikin rafi mai sanyi, don maganin yunwar rani. Da ta ciro, ta tarar ta ruɓe. Ta nufi gidan Dila tana huci.

"Maƙaryacin malami! Ba kai ka ce sanyi na hana ƙwayoyin ruɓa aiki ba?"

Dila ya ce, "Ban gama magana ba kika ruga. Ƙwayoyin nan dangi uku ne. Masu son ɗumi kaɗai sanyi ke kwantarwa. Masu son sanyi suka cinye miki."

"To, ruwan zafi zan sa!"

"Nan na ukun, masu son zafi, ke walawa."

Kura ta daka tsawa: "Wallahi ba ƙwayar da za ta sake riga ni!" Ta lamushe ruɓaɓɓiyar cinyar a tsaye.

Tun ranar, ragowa ba ta kwana gidan kura.

Ƙurunƙus! Kan ɓeran na bar muku.