Littattafai Uku a Cinyar Hajiya Tasalla

Ku gyara zama ku ba ni hankalinku, domin abin da zan kawo muku ba na dariya ba ne, kuma idan na kai ƙarshensa ku ne za ku yanke hukunci.

A wani gari da ke gabas da Kazaure an yi wata dattijuwa, Hajiya Tasalla, wadda ta shugabanci makarantar 'yan mata har furfura ta rufe mata kai. Abu biyu aka san ta da su. Ba ta taɓa buɗe littafi ta ajiye shi ba tare da ta sauke ba, kuma ba ta haɗa biyu a hannu. Sannan ba a taɓa kama ta da fifita wani yaro a kan wani ba, a aji ko a gida. Wannan suna ta fi tattalinsa a kan gwal ɗin da ke akwatinta.

Da tsufa ya kankama, sai ganinta ya fara dusashewa. Ta ɓoye, don ba ta so a ce Malama ta zama abar ja-gora. Kullum bayan la'asar takan zauna a baranda da wani littafi da ta sauke tun tuni, tana juya shafi, masu shigowa gaisuwa suna yaba mata rashin gajiya da karatu. Ita kuwa ta gaji matuƙa, da duhun da kuma ɓoyonsa.

Mata uku ne ke kusa da ita. Akwai Saude, 'yarta ta fari, wadda ta girma a hannun kakarta, wadda kuma saboda alkunya Hajiya ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "waccan". Akwai Kubura, 'yar ƙanwarta marigayiya, wadda ta riƙa tun tana cikin zanen goyo. Sai Furera, matar ɗanta, da suke zaune gida ɗaya.

Saude ce ta gano ciwon. Ta lura uwarta ba ta ambaton sunan baƙuwa sai baƙuwar ta yi magana, kuma idonta ba ya bin layi idan tana juya shafi. Tsakaninsu babu doguwar magana tun asali, amma ranar nan ta durƙusa, ta dubi fuskar uwarta kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Hajiya, kin daina gani." Hajiya ta kore ta, ta kuma daina amsa gaisuwarta. Saude ta shanye, ta yi ta dawowa tana maimaita maganar, har Hajiya ta gaji da musu ta amsa. Da Saude ba ta yi haka ba, da ba wanda ya sani sai idon ya mutu.

Kubura ce ta nemo magani. Ungozoma ce a wani babban asibiti a birni, ta kuma san wani likitan ido da samun ganinsa ke da wuya. Ta yi ta zarya a ƙofarsa, ta bar hutunta da na 'ya'yanta, har ya ba ta rana. Da yake ta san halin mariƙiyarta, sai ta zo ta ɗauke ta da sunan za a je bikin suna, don kada gari ya ji. Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da ya bi ɗan'uwansa. Ya yi masa aiki.

Furera ce ta yi jinya. Likita ya hana hayaƙi, ya hana sunkuyo, ya ce a kiyaye lokacin ɗiga magani. Furera ta kwashe murhunta ta kai bayan gida, ta bar ɗakinta ta koma shimfiɗa tabarma a ƙasan gadon surukarta. Ita ke riƙe buta, ita ke shan faɗan da zafin ciwo ke jawowa. Masu zuwa gaisuwa kuwa a zaure take tare su, ta ce Hajiya na hutun gajiyar tafiya, har aka sa mata suna matar ɗa mai hana a ga uwar miji. Ba ta kare kanta ba. Da ta yi sakaci, da ƙwayar cuta ta cinye aikin likita.

Ranar da aka kwance bandeji Hajiya ta ga haske. Amma likita bai rufe ta ba. Ya ce jijiyar idon ta riga ta ci rauni, wannan gani aro ne, zai yi ta raguwa. Ta yi karatu da hantsi kaɗai, kaɗan kaɗan, kuma a ganinsa da ƙyar zai ishe ta littafi guda. Alƙur'ani kam yana kanta, ba ya buƙatar ido. Saura ɗaya tak daga cikin sauran littattafan duniya.

Ba tare da sun yi shawara ba, kowace ta zo da nata. Kubura ta kawo littafin da ita da kanta ta rubuta a kan kula da mai jego, na farko a rayuwarta, da sunan Hajiya a shafin sadaukarwa. Ta ce ba za ta yarda ta iya rubutu ba sai wadda ta koya mata baƙi ta duba shi. Furera ta ɗauko wani tsohon littafin tarihi na marigayi Malam, mijin Hajiya, wanda ya yi ta roƙonta ta karanta su tattauna, tana cewa sai ta sami sarari, har ya rasu. Furera ta ce tana jin nauyin wannan alkawari a fuskar surukarta duk lokacin da aka ambaci Malam. Saude ta zo daga baya, ta ajiye wani ɗan littafin labarin matafiya a gefen tabarma, kanta a ƙasa. Ta ce, "Kin karantar da 'ya'yan gari duka, ni ban taɓa jin ra'ayinki a kan littafi ba. Wannan nake so."

Kafin nan labari ya fasu, mata sun fara shirin zuwa barka, kuma Hajiya ta san idon kowace zai fara sauka ne a kan littafin da ke hannunta. Idan na Saude ne, za a ce tsufa ya cire wa Malama kunya, ta nuna son ɗan ciki a bainar jama'a. Idan na Kubura ne, za a yaba mata kara, amma ta san Saude ba za ta sake roƙon komai ba har abada, Furera kuma za ta gane cewa wahalar matar ɗa ba ta da lada. Idan na Furera ne, ta sauke nauyin mamaci, amma marainiyar da ta riƙa za ta ji a ranta cewa riƙo ba haihuwa ba ne. An ce mata ai sauran biyun za a karanta mata, ta ce ta sani, su ma kuma sun san kunne ba ido ba ne.

Haka ta yi ta zama da hantsi, littattafai uku a cinya, ba ta buɗe ko ɗaya ba, alhali kowace safiya da ta wuce tana tafiya da rabonta na hasken. Wata rana Furera ta durƙusa ta ce, "Hajiya, rana tana yi. Wanne zan bar miki?"

Hajiya ta lumshe idon da ya rage mata, ta ce, "Da kun bar ni cikin duhuna, da na huta."

To, jama'a, ga wadda ta gano ciwo, ga wadda ta nemo magani, ga wadda ta yi jinya, hasken kuma ba ya jira. A cikinsu, littafin wa ya cancanci Hajiya Tasalla ta ƙarar da idonta a kansa?